Dashen Haƙora: Aikin Yini Ɗaya Ne, Jinyar Ce Mai Tsawo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na ɗanɗana da bakina, wato jinyar da ke biyo bayan dashen haƙora na baki gaba ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, tun da aka ga na koma jan sallah a masallacin unguwarmu, mutum bai gaza bakwai ba da suka tare ni, wasu a shago, wasu a ƙofar masallaci. Kowa tambayarsa biyu ce: nawa ka kashe, kuma da zafi? Har yau babu wanda ya tambaye ni yadda na yi watannin da suka biyo bayan aikin, alhali kuwa can ne maganar take.

Shekaruna 64. Na yi aikin masaƙa a Kakuri, nan Kaduna, har aka rufe ta, na koma sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Gumi, da dare kuma ina koyar da magidanta karatun Alƙur'ani a zaurena. Na yi shekara goma sha biyar da ciwon suga. Ba ruɓewa ce ta cinye mini haƙora ba, ciwon dasashi ne. Na daɗe ina ganin jini a asuwaki ina cewa ƙarfin gugawa ne. Sai dasashin ya riƙa ja da baya, haƙoran suka yi tsawo, suka fara girgiɗi, suka riƙa fita ɗai-ɗai ba tare da wani ciwon kirki ba. Daga baya na ji cewa suga da ciwon dasashi 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Na yi shekara uku da haƙoran roba. Wata Asuba ina tsakiyar Fatiha, na sama ya saki ya sauko mini kan harshe. Na ƙarasa sallar da ƙyar, daga ranar kuma na ja da baya na bar wa wani gaban sahu.

Yarana suka haɗa abin da za su iya, ni kuma na sayar da wani fili da nake da shi a Rigasa. A wani asibiti a Abuja aka yi aikin. Zuwana na farko, likitan ya ƙi taɓa ni. Ya sa aka yi mini gwajin jinin nan da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku da suka wuce, ya duba ya ce, "Baba, in na dasa a haka kuɗinka za ka zubar. Je ka gyara sugarka ka dawo." Raina ya ɓaci a ranar, amma yanzu ina yi masa addu'a. Sai da na yi wata uku ina bin ƙa'idar abinci da magani kafin ya yarda, muka kuma ajiye ranar aiki bayan Ƙaramar Sallah, don kada shan magani ya ci karo da azumi.

Ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba: an cire mini ragowar haƙora tara da suka saura, aka huda ƙashin muƙamuƙi, aka murɗa ƙusoshi na wani ƙarfe da ake kira titaniyom, shida a sama, huɗu a ƙasa. Washegari aka ɗaura musu jerin haƙora na wucin gadi, na sama a jiki ɗaya, na ƙasa a jiki ɗaya. Na dubi madubi na ga baki cike da haƙora farare tas, hawaye suka zubo mini. To, a nan ruɗin yake. Ido yana ganin aiki ya gama, amma ƙusar da ke ciki ba ta riga ta zama ɗaya da ƙashi ba, murɗin da aka yi mata ne kawai ke riƙe da ita. Ƙashi ne zai yi ta tsirowa a hankali yana manne mata, kuma wannan yana cin wata uku zuwa shida, na sama ya fi na ƙasa jinkiri saboda ƙashinsa bai kai na ƙasa tauri ba. Likitan ya ba ni labarin wanda ya gano hikimar, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Branemark. A 1952 ya sa titaniyom a ƙashin ƙafar zomo don wani bincike dabam, da ya zo cirewa ya tarar ƙarfe da ƙashi sun haɗe. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, mutumin kuma ya yi sama da shekara arba'in da su har ya bar duniya. Amma a tsarinsa na asali, binne ƙusoshin ake yi ƙarƙashin dasashi a bar su watanni ba abin da ke taɓa su. Yanzu da ake ɗora haƙora nan take, tsaron da dasashi ke yi musu ya dawo wuyan mai baki.

Zafi dai, gaskiya bai kai yadda na zata ba. Ana aiki ban ji komai ba sai ƙarar inji da dannawa, bayan nan kuma maganin da aka ba ni ya riƙe ni. Kumburi ne ya ba ni tsoro. Ranar farko ba laifi. Rana ta biyu zuwa ta uku fuskata ta cika, leɓɓa suka yi nauyi, ƙarƙashin idanu ya yi duhu, daga baya duhun ya sauko har wuya ya koma ɗorawa-ɗorawa. Yawu yana fita da jirwayen jini kwana biyu, matashin kaina duk ya ɓaci. Da matashi uku nake kwana, kai a sama, don in na kwanta shame-shame sai in ji muƙamuƙin yana bugawa kamar ganga. Duk wannan ashe al'adar aikin ce, daga kwana na huɗu ya fara sacewa.

A gidan babban ɗana a Abuja na yi kwanakin farko, ƙanwata kuma ta biyo mu daga Tudun Wada don ta taya uwargida jinya. Da ta ga fuskata sai ta shige kicin ba ta ce komai ba, ta fito da roba cike da ruwan zafi da tsumma. Ta ce, "Yaya, kawo in gasa maka, jini ne ya taru." Da zuciya ɗaya ta faɗa, don mu abin da muka gada ke nan: kumburi, gashi, targaɗe, gashi, mai jego ma ruwan zafi. Allah ya sa 'yata tana kusa, ta ce, "Gwaggo, likita ya ce ƙanƙara." Aka yi ta ja-in-ja, ƙanwata tana cewa sanyi zai shige ni. A kwana biyun farko zafi yana buɗe hanyoyin jini ne, ya ƙara kumburi, ya tayar da zubar jini. Sanyi ake so, minti ashirin a kunci, a ɗauke minti ashirin. Ɗumi-ɗumi sai bayan nan. Lokacin bazara ne, wuta kuma ba tabbas, sai jikana ya riƙa zuwa wurin masu ƙanƙara yana sayo ledar fiya wata da ta daskare, a naɗe ta cikin ɗankwali a ɗora mini. Ta yi aiki sarai.

Sai maganar alwala da sallah, wadda babu takardar asibitin da ta taɓo ta. An hana ni kurkure baki da ƙarfi da tofar da yawu a yinin farko, don gudan jinin da ya toshe ciwo shi ne murfinsa, in ya fita jini ya dawo. Haka nan an hana ni zuƙar abu da bututun shan lemo. Saboda ƙusoshin sama na baya suna kusa da kogon hanci, an ce kada in fyace da ƙarfi har mako biyu, in atishawa ta zo in bar baki a buɗe. To mai alwala sau biyar a yini fa? Sai na riƙa ɗiban ruwa kaɗan, in karkata kai hagu da dama, in buɗe baki ya zubo da kansa. Hanci kuma in shaƙa ɗan kaɗan in share. Sujada ta gagare ni kwana huɗu, da na kai goshi ƙasa sai in ji kamar fuskar za ta fashe. A zaune na yi sallah ina nuni, kuma addini ya ba da wannan sauƙin, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne. Ni na san hukuncin, shi ya sa hankalina bai tashi ba. Amma ina tunanin dattijon da bai sani ba, ya dage sai ya kurkura sau uku da ƙarfi, ya wayi gari bakinsa na zubar da jini.

Da muka dawo Kaduna 'yan dubiya suka yi ta zuwa, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai kowa ya zo sai na amsa gaisuwa, sai na ba da labari, wasu har su ce in buɗe su gani. Baki mai ɗinki ba ya son yawan motsi. Kwana biyu ina haka ɗinkin gefe ɗaya ya fara ja, dole uwargida ta riƙa tarar mutane a tsakar gida tana cewa Malam yana godiya, amma an hana shi magana. Wani aminina ma goro ya miƙo mini, fari ƙal, irin wanda ya san ina so.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, Malam Edita. Ranar sallama an ba ni takarda shafi biyu, da Turanci. 'Yata ta fassara mini. Ta ce in ci abinci mai laushi, ta lissafo misalai, kusan duk abincin Turawa ne da ba a dafa su a gidana. Babu tuwo a ciki, babu fura, babu nama irin yadda muke cinsa. Sai aka bar mu da kintace. Makon farko kunu ne da koko, an bar su sun huce, don abu mai zafi ma an hana. Kwana biyar a haka sugata ta haura, domin kunu da koko duk gari ne, ga uwargida tana ɗan sa zuma don in samu ƙarfi. Wata rana kuma na sha maganin suga ban iya cin komai ba, jiri ya ɗebe ni, gumi ya karyo mini, sai da aka ba ni ruwan sukari. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ce ta zaunar da uwargida ta ce mata, "Hajiya, ciwo da abinci mai gina jiki yake warkewa, ba da kunu ba." Daga nan aka koma dafaffen ƙwai da aka murƙushe, alale, faten wake da aka tuƙe ya yi lugub, kifi da aka tsince ƙayarsa tsaf, kindirmo ba sukari, gwanda, kabewa, da ɗan tuwon shinkafa mai ruwa-ruwa da miyar kuka ko kuɓewa, wanda harshe kaɗai ke iya narkar da shi. Ƙa'idar da na koya daga baya gajeriya ce: duk abin da ba za ka iya murƙushe shi da bayan cokali ba, bai halatta gare ka ba tukuna. Da an faɗa mini wannan jumlar ɗaya da Hausa tun ranar farko, da ban shiga abin da na shiga ba.

Babbar Sallah ta same ni a mako na bakwai. An cire zare tuntuni, kumburi ya tafi, ba ciwo ko kaɗan, kowa ya gan ni sai ya ce ai Malam ya warke. Ni ma haka na ji a raina. Ban taɓa soyayyen nama ba, na san wannan. Amma washegarin layya aka yi farfesun haƙarƙari, ya dahu har yana saɓulewa daga ƙashi, na ce ai wannan shi ne abinci mai laushi. Loma ta uku na haɗa da guringuntsi. Ban ji shi ba. Abin da na ji kawai wata ƙara ce, ƙas, a can gefen hagu na sama, kamar an karya tsinken tsintsiya. Na ajiye kwanon.

Dalilin da ya sa ban ji shi ba, kowa ya kamata ya sani. Haƙorin da Allah ya halitta yana da wasu siraran zaruruwa tsakanin saiwarsa da ƙashi, su ke gaya wa mutum ya taka tsakuwa a shinkafa, muƙamuƙi ya saki nan take. Ƙusar dashe ba ta da su. Za ka danna da dukkan ƙarfinka ba ka san ka danna ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko. Na sa harshe na ji tsaga a jikin haƙoran, na yi shiru. Kunya ta hana ni gaya wa yaran da suka zuba kuɗinsu, ga kuɗin jirgin ƙasa, ga shi ba ciwo. Kwana goma na yi. Ashe haɗin da aka yi wa haƙoran a jiki ɗaya shi ke raba nauyi tsakanin ƙusoshi shida, da ya tsage sai nauyin gefen ya koma kan guda ɗaya, tana motsi kaɗan-kaɗan duk lokacin da na haɗe baki. Ƙashi kuwa ba ya kama abin da ke motsi. Sai da wurin ya fara tsami da ɗan wari na faɗa. Da likitan ya kwance haƙoran, da yatsu biyu ya juya ƙusar ta fito. Bai yi mini faɗa ba, cewa ya yi, "Baba, da ka kira ni ranar, gyaran awa ɗaya ne." Aka wanke ramin, aka gyara haƙoran aka mayar kan biyar ɗin da suka saura, na jira wata uku ƙashi ya cike, aka sake dasawa, na sake jiran wata huɗu. Aikin da aka yi wa lissafin wata shida ya kai wata goma, ban da ƙarin kuɗi. Laifina na ɗauka, ban ɗora wa kowa ba. Amma ina da yaƙinin cewa da takardar nan ta ambaci naman Sallah da sunansa, da ban kai hannu kwanon ba.

Magana ma sai da na sake koyonta. Makonnin farko sinun da sadun suna fita da fito, fa'un tana kuɓucewa, zalun da sa'un kuwa, da ake kai kan harshe bakin haƙoran sama, sai harshen ya je ya tarar haƙoran ba inda ya saba ba. Na shiga damuwa ƙwarai, don saboda karatun na yi aikin. Kullum bayan Asuba sai in zauna in karanta shafi biyu da ƙarfi, a hankali, wani ɗalibina yana saurare yana tsayar da ni. Wajen mako shida harshe ya gane sabon gidansa. Da aka sa haƙoran dindindin, na wani abu mai tauri kamar tangaran, sai da na ƙara mako biyu ina wannan horon.

Masu cewa haƙoran dashe ba sa ruɓewa sun yi gaskiya, amma rabin magana suka faɗa. Dasashin da ke kewaye da ƙusa yana kamuwa da irin ciwon da ya zubar mini da na asali, ya cinye ƙashi har ƙusa ta saki. Abinci yana maƙalewa tsakanin haƙoran da dasashi, inda asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Kowane dare sai na bi wurin da wani ɗan siririn buroshi da na'urar fesa ruwa, duk wata shida kuma in je a duba. Mai shan sigari ya san cewa hayaƙi na cikin manyan abubuwan da ke hana dashe kamawa. Goro kuwa na bar shi, sai wanda aka goge a magogi, shi ma jefi-jefi.

Ina jin mutanenmu suna shirin tafiya Misira ko Turkiyya ko Indiya, wai an ce mako ɗaya an gama. Ban hana kowa ba. Amma ni da nake da Abuja a kusa, sau goma sha ɗaya na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu ta Abuja saboda wannan bakin. Wanda ya tsage nasa a Kawo ko Barnawa, likitansa yana wata ƙasa, wa zai kwance masa? Kowane kamfani da irin ƙusarsa da irin abin da ake kwance ta da shi, ba kowane likita ke da na kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin mutum ya biya, ya nemi a rubuta masa sunan kamfanin ƙusoshin da girmansu, ya san wanda zai riƙa duba shi a gida, ya kuma ware kuɗin jinya dabam da na aiki. In a nan gida ne, ya tabbatar likitan yana da rajista da hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa. Kuma duk wanda ya ga jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko kumburi yana ƙaruwa bayan kwana huɗu, ko leɓen ƙasa ya mutu bai farfaɗo ba, ko ya ji wani abu na motsi, ya kira likita a ranar, kada ya yi irin shiruna.

Roƙona ga likitocin haƙori na Kaduna da Zariya da Kano da Abuja, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne da suka tashi da tuwo da miyar kuka: ku rubuta mana takardar sallama da Hausa. Ku sa sunan abincinmu a ciki, ku ce kilishi da tsire da rake da aya da ƙuli-ƙuli da busasshen dabino sai wata kaza. Ku faɗi yadda za a yi alwala, ku faɗi maganar gashi, ku tambayi mara lafiya ko azumi ko layya za su faɗo cikin jinyarsa. Wanda ba ya karatun boko a yi masa saƙon murya ta WhatsApp, kuma a kira matar gida a yi bayanin a gabanta, tunda ita ke riƙe da tukunya. Wannan bai shafi masu dashe kaɗai ba, ko haƙori ɗaya aka cire wa mutum yana bukatarsa.

Ni da 'yata mun zauna mun rubuta shafi ɗaya da Hausa, mako-mako, abin da za a ci da abin da za a bari, da alamomin da ke sa a kira asibiti. Na kai wa likitana ya duba, ya gyara wuri biyu, ya ce zai riƙa ba marasa lafiyarsa. Na haɗo maka kwafinsa da wannan wasiƙa, in ka samu fili a shafin lafiya ka buga shi, kowane asibiti kuma yana iya ɗauka ba sai ya nemi izinina ba.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku daga Unguwar Dosa, Kaduna.